Wuƙar da Za Ka Shiga Daji da Ita

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Mamman Sani na unguwar bakin kogi a Gaya, zuwa ga ɗana Mai-sunan-Baba, a masaukinsa na Doso.

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya haɗa ka da abokan tafiya masu tsoronsa. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Hamidu direban kamyo, babbar motar kaya, shi zai miƙa maka wannan, shi ne kuma ya gaya mana masu awon ƙasa sun ɗauke ka, kuma da an gama shiri za ku shiga daji ku yi watanni kuna sharar hanya inda sabuwar gwamnati za ta fitar da titi. Na yi murna. Aikin da a da sai Nasara da ƴan rakiyarsa, yau ga ɗan mai fito a cikinsa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida lafiya lau. Maganar wuƙa ce ta sa na zauna rubutu.

Na ga wadda ka sayo a kasuwar Kamba. Ranar da ka fito da ita a ƙofar gida abokanka suna karɓa suna juyawa, ina zaune a kan tabarma ina kallo. Ban ce komai ba, don na ga yadda fuskarka ta yi haske, kuma ban so in rage maka daɗi a gaban tsaranka. Amma tun ranar abin yana raina.

Ni ma na taɓa sayen irinta ina saurayi kamarka. A ƙetaren kogi na same ta, kasuwar Malanbil, wajen wani Bayarabe. Ruwanta kamar madubi, ƙotarta ja da zoben tagulla. Na kai wa Hima maƙeri, wanda ka sani da tsufansa, don ya yaba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce, ya kara a kunne.

Ya ce, "Kyakkyawa ce. Ina za ka kai ta, gidan biki ko daji?"

Na ce, "Daji mana, Baba Hima."

Ya miƙo mini ita ya ci gaba da zuga wutarsa. Ban tambaye shi abin da ya ji ba.

Ba a jima ba muka tafi yankan kaba a kwarin giginya na wajen Bana, ni da abokina Tanko. Damina ba ta kama sosai ba, shi ya sa ba mu ɗauki gatari ba, muka ce kaya ne. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya zuba mana ruwa da iska har muka jiƙe sharkaf. Da ya ɗauke, Tanko ya fara rawar sanyi, haƙoransa suna haɗuwa. Ƙyastun kunna wuta yana aljihuna, audugar rimi tana cikin ɗan gwangwani ba ta jiƙe ba, amma duk ƙiraren da ke ƙasa sun sha ruwa. Na san in na tsaga wani guntun marke da ke kwance, cikinsa busasshe ne. Na ɗora wuƙata a kansa, na ɗauki wani reshe na buga bayanta. Bugu na farko ta shiga. Na biyu sai na ji ƙotar ita kaɗai a hannuna, ruwan wuƙar ya tsaya a cikin itace. Na duba, ashe ƙarfen da ya shiga cikin ƙotar bai fi gaɓar yatsa ba, da ƙaro aka liƙe shi.

Ba mu samu wuta ba. Na goya Tanko, ƙato da shi, muka bi sawun shanu har muka faɗa wata rugar Fulani, su suka lulluɓe shi suka ba shi madara mai zafi. Ya tashi, amma daminar nan duka a kwance ya yi ta, gonarsa ƴan'uwa suka nome masa. Tarin da kake ji yana yi har yau, can ya samo shi.

To ɗana, in za ka duba wuƙar daji, fara da wurin da ido ba ya gani. Ƙarfenta ya ratsa ƙota tun daga wuya har gindi, ka ga ƙarshensa ya leƙo an dunƙule shi, ko ka ga ƙusoshi sun kama shi ta gefe. In mai sayarwa ya ce kada ka gwada, ajiye masa abarsa. Gwaji kuma a gida ake yinsa, inda in ta karye ba abin da za ka rasa sai ita. Ka tsaga busasshen itace da ita kana bugun bayanta da kulki. Ka sare ɗanyen reshe mai kaurin hannu. Bayan haka ka feƙe tsinke da ita. In ta yi waɗannan, bakinta bai lanƙwashe ba, bai ɓalgace ba, ƙota ba ta girgiza ba, to ka samu abokiyar tafiya.

Da na koma wajen Hima da guntayen a hannu bai yi mini dariya ba. Ya tambayi jikin Tanko. Sannan ya jawo wani faffaɗan ƙarfe daga ƙarƙashin tarkacensa, irin wanda ke riƙe ƙafar babbar mota, ya ce wata ce ta mutu a hanyar Doso aka kawo masa. Da shi ya ƙera mini wuƙar da ka tashi ka gani a ƙuguna. Baƙa ce, ba ta da ado ko kaɗan. Tsawonta daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, bayanta mai kauri, nauyinta ya ɗan rinjaya gaba yadda in ka sara ita ke yin rabin aikin. Da zai ba ta ruwa, bakin kaɗai ya tsoma. Ya ce baki yana son tauri don ya riƙe kaifi, baya kuwa yana son ɗan taushi don ya sha bugu bai tsage ba.

Ba zan iya ƙirga maka abin da wuƙar nan ta yi mini ba. Na tsaga ƙirya da ita, itacen da gatari ma yake tsoro. Na kafa bukka da ita a tsibiri, daga dirka har tanka. Na ɓare kalgo na tuƙa igiya, na fasa kan giwan ruwa, na feɗe gada, na sassaƙa sabon filafili ranar da nawa ya karye a tsakiyar kogi muka rarrafa gaɓa da gora. Akwai abin da ba ta iya ba, shi ma gara ka sani. Ba ta cire ƙaya a ƙafa, ba ta yin aiki mai laushi, kuma in ka wuni kana sharar ciyawa da ita wuyan hannunka zai kumbura, wannan aikin adda ne.

Saboda ta yi mini kirki sai na sake da ita, na ɗauka ƙarfe mai kyau ba ya bukatar kulawa. Nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne ba ni tsoro, kuma kana wurin, sai dai ba za ka tuna ba, don kana bayan innarka a goye.

Lokacin ba a yi gada ba, duk mai son ƙetarewa Dahome sai ta jirginmu. Ran nan kogi ya cika, ciyawar burgu ta rufe gaɓa. Na ɗauki wani falke da dokinsa, da innarka da za ta kai busasshen kifi da kuɓewa kasuwa. Ka san yadda ake ƙetarar da doki, yana iyo a gefen jirgi, mutum yana riƙe da igiya a hannu, yadda in ya yi gardama sai a saki. Mai dokin bai saba da ruwa ba, ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu ya ce shi ba zai iya riƙe komai ba. Ruwa kuma yana da ƙarfi, ina bukatar hannuwana duka a kan filafili. Sai na ɗaure igiyar a itacen da ke gicciye a tsakiyar jirgi, na yi mata ƙulli mai kyau.

Mun kai tsakiya sai dorina ta yi huci can nesa da mu. Ba ta ma nufo mu ba. Amma dokin ya ji, ya firgita, ya juya ya bi ruwa. Igiya ta miƙe tsam, jirgi ya karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Ƙullin ya jiƙe ya ɗaure kansa, farce ba zai kwance shi ba.

Innarka ta ce, "Malam, yanke!"

Na kai hannu ƙugu na ja wuƙa. Ta ƙi fita. Na ja da hannu biyu, kuben ya biyo ta. Kwanaki kafin nan na gyara kifi da ita, na mayar da ita kube da danshinta, tsatsa da fata suka kama juna.

Na ce, "Ta ƙi!"

Innarka ba ta tsaya jirana ba. Ɗiyar Sarkawan Tunuga ce, masunta, a jirgi ta girma. Ta zaro ƴar wuƙar da take yankan kuɓewa daga cikin kwando, wadda ba ta fi tafin hannu ba, ta rarrafo da gwiwa a cikin ruwan da ya kai mata cinya, kai kuma kana bayanta kana tsala kuka. Ta ɗora a kan igiyar ta ja sau ɗaya. Igiya ta tsinke, jirgi ya dawo daidai da ƙarfi har falken ya faɗi rigingine. Dokin ya yi iyonsa ya fita a wani yashi can ƙasa, da yamma aka kamo shi. Mu kuma muka yi ta kwarfar ruwa da ƙwarya har gaɓa.

Da muka sauka na zauna a kan yashi. Innarka ta sauko da kai ta ba ka nono har ka yi shiru, sannan ta miƙo hannu.

Ta ce, "Ba ni ita in gani."

Na kwance na ba ta har da kuben. Ta juya ta, ta gwada ja, ta girgiza kai.

Ta ce, "Babba ce kam. Sai dai an kira ta ba ta zo ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ba ta kuma sake tayar da maganar ba, ko ranar da muka yi faɗa. Ita da kanta ta jiƙa kuben da man kaɗe har wuƙar ta fito, ta goge ta da toka da ɓawon lemun tsami.

Tun daga ranar ban kwanta ba tare da na zare wuƙata na duba ba. Kai ma ka mayar da shi kamar alwala. Ka taɓa kifi, ko nama, ko ɗanyen itace mai ruwa, ka wanke ta, ka shanya, ka shafa mata ɗan mai kafin ta koma kube. In ruwa ya dake ku, ka raba ta da kube har fatar ta bushe a inuwa. Kada ka jira ta dakushe kafin ka wasa ta, kullum ka ɗan goga ta a dutse, a kwance, da ruwa, ba da gaggawa ba. Ka rataya ta inda hannunka zai same ta ko idonka a rufe, kada ka cusa ta ƙasan jaka. Sannan ka riƙe ƙarama mai kaifi a aljihu. Innarka ta sa maka ɗaya a cikin ƙunshin da Hamidu zai ba ka, ita ta zaɓa, ita ta wasa. Kuma duk abin da yake da rai da ƙarfi, doki ne ko sa, kada ka ɗaure shi a jikin abin da kake zaune a kai.

Za ka ga wani ɗan gurbi a bakin babbar wuƙar, kusa da tsini. Muruci na tsaya tona da ita saboda ƙyuyar neman dagi, ta ci karo da dutse. Hima ya yi iya ƙoƙarinsa, gurbin bai ɓace duka ba. Wuƙa ba ta tono, ba ta ɓalle murfin akwati, ba a jifa da ita don wasa. In kana son tona rami, feƙe sanda da ita, ka ƙona bakin sandar a wuta, ka tona da sandar.

Saura maganar ɗingishin nan nawa. Kuna yara kuna tambaya ina ce muku kada ne ya kama ni, kuna zaro ido. Ba kada ba ne, ni ne.

Shekarar da na je share sabuwar gona a wajen Yelu ne. Ina son in gama kafin ruwa ya sauka, na fita tun asuba ban karya ba, na ce sai na kai wata tsamiya zan huta. Rana ta take, idona ya fara ganin abu biyu-biyu, ban tsaya ba. Na kama wani reshen geza da hagu, na take gindinsa, na sara ina fuskantar kaina. Reshen ya yi tsalle, wuƙa ta goce ta shige mini sama da gwiwa. Nauyin nan nata da nake yabo, a kaina ya sauka. Ban ji zafi ba da farko, sai ɗumi a ƙafa, na duba na ga takalmina ya cika.

Akwai wani Bafillatani, Buba, da ke kiwo kusa. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, wani lokaci in ba shi goro. Shi ya jiyo kirana. Ya zo da gudu, ya warware rawaninsa ya ɗaure mini cinya tam, ya danna raunin da tafin hannunsa, ya ƙi ɗagawa ko da na ce ya bari in gani.

Ya ce, "Kwanta, Mamman. Tun safe nake hangenka, ko ruwa ban ga ka sha ba."

Na ce, "Shanunka fa?"

Ya ce, "Sun san hanyar gida. Kai ne ba ka san taka ba yau."

Ya ɗora ni a kan takarkarinsa, yana tafe yana riƙe da ni har cikin Yelu, wajen wani wanzami da ya ɗinke ni. Gonar da nake gaggawar gamawa ban shuka ta ba sam a shekarar. Buba ya rasu kana lakwal, makarantar boko, ban samu na kai ka ka gan shi ba, abin yana damuna. In ka yi salla ka sa shi a addu'a.

Saboda haka in ka gaji, ko kana jin yunwa, ko ranka a ɓace, mayar da wuƙa kube ka zauna. Ka sara kana kore ta daga jikinka, ka kuma duba inda za ta faɗa in ta goce, kada ya zama ƙafarka ko ta wani. Kada ka yi nisa da jama'a kai kaɗai har inda ba za a ji kiranka ba. Mutanen da za ku riƙa wucewa ta gonakinsu da rugagensu, ka gaishe su da kyau, ka sauka ka ba su hannu, ko da kana sanye da kakin gwamnati. Ba ka san wanda zai warware maka rawaninsa ba.

Shugabanninka sun yi karatun da ni ban yi ba, sun san abubuwan da ban sani ba, ka bi su ka koya. In an ce a sare, ka sare, amma abin da ba a ce ba ka bar shi tsaye. In za ka ɗebi ɓawon kalgo, ɗebi ta gefe ɗaya, kada ka zagaye itacen, zai mutu. Giginya kuwa ka san yadda muke da ita a nan, kakanka bai taɓa sare mai ƴaƴa ba. In wani ya ari wuƙarka, ka miƙa masa ta ƙota, ka gaya masa abin da ba ta yi. In gardama ta tashi a zango, kuma za ta tashi, don maza ne a daji ga gajiya ga zafi, ka kwance ta daga ƙugunka ka ajiye a bukka kafin ka je wurin. Wannan ban taɓa kuskure shi ba, kuma ina roƙon Allah kada ka fara.

Ta Kamba kada ka yar da ita. Da guminka ka saya, kuma za ta yanka albasa da nama lafiya lau. Ka dai san matsayinta.

Babbar wuƙar tana cikin ƙunshin, na naɗe ta a tsohon zanen innarka. Ni yanzu iyakata bakin kogi da masallaci, gada ta karɓe fito, ƙafa kuma ta ƙi daji. Ba aro na ba ka ba, taka ce.

In ka zare za ka ga ƙotar sabuwa ce. Tsohuwar ba abin da ya same ta. Daren da za ka tafi ne, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ka miƙo hannu ni ma na miƙa, sai na ga naka ya rufe nawa. Ban san lokacin da hakan ta faru ba. Na gane ƙotar da aka yi don tafina za ta yi maka kaɗan, kuma ƙaramar ƙota tana zame wa mutum in ya yi gumi. Ga shi ka riga ka tafi, ba hannun da zan auna. Sai na ɗauko fartanyarka daga bayan rumbu, na kai wa ɗan Hima, wanda ya gaji maƙerar. Wurin da kake riƙewa ya yi sumul, ya ɗan lotsa, har inda babban yatsanka yake zama ana gani. Da shi muka auna. Ya sassaƙa ta da ƙirya, ni na zauna na goge ta da yashi da mai har ta yi laushi. Da na gama na riƙe ta, ta yi mini yawa, yatsuna ba su haɗu ba. Na daɗe zaune da ita a hannu a ƙofar maƙera, har yaron ya tambaye ni ko wani abu bai yi ba. Na ce masa ta yi daidai.

Fartanyar na mayar da ita inda ka bar ta. Ƙaninka ya so ya ɗauka, innarka ta hana.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe, da na ruwa, da na abin da ke ja da ciki a cikin ciyawa. Ya sa ka gama da shugabanninka lafiya, ya ba ka abokai irin Buba. Na yafe maka duk abin da ka sani da wanda ba ka sani ba, innarka ma ta yafe. In Hamidu zai juyo, ko layi biyu ne ka rubuto, ka gaya mini ko ta zauna maka a hannu.

Wassalam.

Mahaifinka,
Mamman Sani, Gaya